Ɓawon Ƙwai a Furar Inna Shatu

Shirwa ta sauko da hantsi ta sure ɗan tsako a tsakar gida. Kaza ta bi ta da kuka har bakin danga, ta dawo haka nan. Lubabatu na zaune a inuwar rumbu tana ba jaririnta nono, ta ɗaga kai ta dubi jinkar ɗakin uwarta. Tsinken nan yana soke inda yake, amma babu ɓawon ƙwai ko ɗaya a jikinsa.

"Inna, wa ya kwashe miki ɓawon ƙwai?"

Inna Shatu ba ta ɗago ba. Tana kan tsohuwar tabarmarta da ɗaurin kaba a gabanta, tana tsagawa.

"Iska," in ji ta.

"Iska ta zare su ɗai-ɗai ta bar tsinken? Wagga iska da hannu take."

A ƙauyukanmu na bakin Gulbin Kaba, nan kusa da Gazawa, in kaza ta ƙyanƙyashe ba a zubar da ɓawon. Jera shi ake yi a tsinke a soke a jinka, wai don shirwa ta hango ta kauce wa 'yan tsaki. Ko shirwa ta san da wannan yarjejeniya ban sani ba. Abin da na sani shi ne ba a taɓa tsinken wani, kuma duk wanda aka gani yana neman ɓawon ƙwan gidan mutane, ba a yi masa zaton alheri.

Raliya, matar Idrisa ɗan Inna Shatu, tana bakin murhu tana jin su. Ta sunkuya tana hura wutar da ba ta mutu ba. Ita ta kwashe ɓawon.

Raliya 'yar Cadawa ce, gidan 'yan kasuwa. Idrisa ya gan ta ne a can, ranar da ya kai tabarmin uwarsa a amalanke, ya dawo ya kafe sai ita. Inna Shatu ta so ya ɗauko ɗiyar masu saƙa, wadda za ta zauna kusa da ita su tsaga kaba tare. Ba ta hana auren ba, ba ta kuma taɓa zagin yarinyar ba. Da ma zagin ta yi, da ya fi sauƙi. In Raliya ta gaishe ta, ta amsa a taƙaice. In ta kawo abinci, ta ce ajiye can. Sau ɗaya Raliya ta kai hannu ga ɗaurin kaba don ta taya ta, tsohuwa ta janye ɗaurin a hankali, ta ce hannun da ya saba da awon gishiri ba zai iya ba. Daga ranar Raliya ba ta sake gwadawa ba, amma abin na cin ta.

Duk sana'ar Inna Shatu a farce ɗaya take, na babban yatsan hannun dama. Tun tana budurwa take barin sa ya yi tsawo, ya yi kauri ya ɗan lanƙwashe. Da shi take tsaga kaba siri-siri, kowane zare daidai da ɗan'uwansa, shi ya sa in ka shimfiɗa tabarmarta ko a kasuwar Gazawa za a ce maka ta Shatu ce. Masu tsagawa da wuƙa tana kallon su ne kawai. To, bana farcen ya fara cin amanarta. Ya yi laushi, bakinsa yana ɓarewa, sannan ya tsage a tsaye har cikin nama. Raliya ta ga jini a jikin kaba fiye da sau ɗaya. Ta ga tsohuwa ta naɗe yatsan da zare, ta ci gaba, tana cije leɓe. Da Idrisa ya ce a je likita, cewa ta yi ita ba ciwo take ba.

Wata safiya wani ɗan guntun farcen ya ɓalle ya faɗi gefen tabarma. Raliya na shara ta tsince shi, ta ƙulle a bakin zane. Za ta je suna Cadawa a makon, kuma yayarta Safina, wadda ke yi wa amare lalle a Maraɗi, za ta zo. Ta ce a ranta bari ta nuna mata, ita da ke riƙe da farcen mutane kullum.

Safina ta juya guntun a tafin hannu ta ce ai wannan rashin kalsiyom ne, abin da ke gina ƙashi da farce, kuma ɓawon ƙwai cike yake da shi. Ta ce matan birni da yawa suna sha. A tafasa ɓawon sosai, a shanya, a niƙa, a tankaɗe da kyalle, a riƙa zuba ɗan kaɗan a kunu ko fura. Ko hakan na gyara farce ko ba ya gyarawa, Safina ba likita ba ce, ni ma haka. Amma ta faɗe shi da ƙarfin gwiwa, Raliya kuma ta ji abin da take son ji.

Matsalar ita ce gidan Inna Shatu ba a cin ƙwai, kaza ake bar wa ta kwanta a kai. Ɓawon da ke gidan kaf shi ne na jinka. Kuma Raliya ta san in ta tunkari tsohuwa da maganar garin ƙwai, amsar ita ce ajiye can. In ta gaya wa Idrisa, dariya zai yi, kafin la'asar uwarsa ta ji. Sai ta yi abin da ya fi kowanne muni, ta yi shiru. Ta riƙa zare ɓawon kaɗan-kaɗan in tsakar gida ba kowa, ta sarrafa shi yadda aka ce, ta adana garin a gwangwanin madara a bayan kwanoninta. Ita ke dama wa tsohuwa furar azahar, don haka zubawa bai yi wuya ba. Kullum ƙwaryar na dawowa a shanye, kullum Raliya na satar kallon yatsan nan ko za ta ga canji.

Lubabatu kuwa wankan jego ya dawo da ita gida, ba ta da aikin da ya wuce zama da kallo. Ba muguwa ba ce. Mace ce mai jariri a hannu, wadda ta ga an taɓa abin tsari a gidan uwarta, ga kuma baƙuwa guda ɗaya tak a gidan. Tun daga safiyar shirwa idonta bai bar Raliya ba. Raliya ta sha jinin jikinta, ta yi niyyar dainawa. Amma a ranar ta sake ganin tsohuwa ta tsame yatsa daga kaba tana yarfewa, sai ta ce to yau kaɗai.

Da azahar ta shiga ɗaki da ƙwaryar fura, ta saki labule. Ta buɗe gwangwani, ta ɗebo garin da tsinin cokali. Hannunta na saman ƙwarya aka damƙe mata wuyan hannu.

"Mi kike zuba wa uwata?"

Garin ya zube a kan furar, fari tas, yana yawo bai nutse ba.

"Yaya, don Allah ki saurara in gaya miki."

"Jama'a! Ku zo ku gani! Inna, taho ki ga abin da kike sha!"

Lubabatu ta jawo ta waje da hannu ɗaya, gwangwani a ɗayan. Kafin Raliya ta gyara ɗankwalinta, kawunan mata sun jeru a saman danga, wasu har sun shigo da muciya a hannu. Wata ta ruga bakin rijiya inda Idrisa ke shayar da shanun amalanke. Lubabatu ta durƙusa a tsakar gida ta juye gwangwanin a kan faifai. Gari ya zubo, sai ragowar ɓawo biyu da ba a niƙa ba, sai wani ɗan ƙullin tsumma. Raliya ta ƙura wa ƙullin ido. Ta manta da shi sarai. Da ta dawo daga Cadawa ta rasa inda za ta jefar da farcen surukarta, ta ga bai kamata ta yar a bola ba, ta ajiye da niyyar binnewa.

Lubabatu ta kwance ƙullin. Ta dube shi, ta dubi yatsan uwarta.

"Akaifar Inna ce," in ji ta, muryarta ta yi ƙasa. "Ƙwai da akaifa. La'ilaha illallahu."

Matan suka ɗauki salati. Babu wadda ta tambayi ma'anar abin, don kowa a nan ya san mutum ba ya ajiye farcen wani don ado. Shi ya sa muke binne namu in mun yanke. Wata tsohuwa ta ja jikarta baya daga kusa da Raliya. Wannan ja da bayan ya fi ihun Lubabatu yi mata ciwo.

Idrisa ya shigo da gudu, wandonsa jiƙe da ruwa. Lubabatu ta nuna masa faifan, ta zayyana masa komai, har da 'yan tsakin da shirwa ta ɗauka. Ya juya ga matarsa.

"Ke kinka zuba?"

"Ni na zuba. Amma magani ne, don farcenta. Yaya Safina ta ce ɓawon ƙwai na ƙarfafa farce. Wallahi tafasa shi nike, in niƙa, ba abin da na haɗa da shi."

"To mi ya hana ki faɗi?"

Ga tambayar da ba ta da amsar da za ta faɗa gaban mutane. Ta ce uwarka ba ta karɓar komai daga hannuna sai abinci? Ta ce tun da na zo gidan nan ba ta taɓa dubana ido cikin ido ba? Ta sunkuyar da kai, sai ta yi kama da mai laifi.

"Akaifar fa?" in ji Lubabatu. "Ita ma tafasawa za ki yi?"

"Nuna wa Yaya Safina na yi, ta ga yadda take tsagewa."

"Kun ji! Har Cadawa anka kai ta!"

Raliya ta ga kowace gaskiya ta faɗa ƙara nutsar da ita take yi. Ta rarumi ƙwaryar furar da ke ajiye bakin ƙofa.

"To bari in sha, ku gani. In guba ce ni ta kashe."

"Ajiye!" Lubabatu ta daka mata tsawa. "Abin da anka yi da sunan Inna, mi zai yi miki? Ko tulu guda kinka sha ba shaida ba ce."

Matan suka gyaɗa kai, don a wurinsu magana ce mai ma'ana. Wata ta ce a kai gaban mai gari. Wata ta ce a'a, jandarma. Idrisa ya tsaya tsakanin 'yar'uwarsa da matarsa yana kallon ƙasa. Yana son Raliya, wannan ba shakka, amma bai taɓa zama mutumin da ke tsayawa gaban taro shi kaɗai ba. Ya share gumi da hularsa.

"Ki haɗa kayanki," in ji shi a hankali. "In kai ki gida tukuna, har ƙura ta lafa."

Raliya ta san irin wannan tukuna. Matar da aka mayar gidansu don ta ƙona tuwo tana dawowa. Wadda aka mayar da sunan ta yi wa uwar miji sammu ba ta dawowa, kuma labarin zai riga amalanken isa Cadawa. Zai shiga rumfar babanta a kasuwa, zai bi ƙannenta mata har ɗakin aurensu. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ke hana kuka. Ta tsaya riƙe da ƙwaryar furar.

Duk wannan abin a gaban Inna Shatu aka yi shi. Tana nan kan tabarmarta, zaren kaba ɗaya a hannu wanda ta tsaga rabi ta tsaya. Sai yanzu ta ajiye shi.

"Miƙo mini furata."

"Inna!" in ji Lubabatu.

"Ba da ke nike ba. Ke, miƙo."

Raliya ta tako, ta durƙusa, ta miƙa da hannu biyu. Tsohuwa ta karɓa, ta juya da ludayi har garin ya ɓace, ta yi bisimilla. Lubabatu ta yunƙura za ta fizge, uwar ta dube ta sau ɗaya, ta koma ta zauna. Inna Shatu ta sha a natse, ludayi bayan ludayi, tsakar gida tsit sai kukan jariri. Da ta kusa gamawa ta ajiye ludayin ta kafa kai ta shanye, ta kife ƙwaryar.

"Tun kan a haifi uban wagga yarinya nike shan fura," in ji ta. "Za a sa mata abu in rasa sani? Tun ranar farko na ji shi a haƙorina, kamar rairayi. Na kuma ga mai zare mini ɓawo, ina ɗaki ina kallonta ta kafar asabari. Na sani, na sha, ga ni zaune. Wadda ta ga gawata ta zo ta yi magana. Yanzu kowa ta koma ga tukunyarta."

Ba su so tafiya ba, amma Shatu ba matar da ake sa wa ta maimaita magana ba ce. Kawunan suka sauka daga danga ɗaya bayan ɗaya. Ta ce wa Idrisa shanunsa na bakin rijiya ba kowa, ya fita da sauri, har da jin daɗin an sallame shi. Lubabatu ta ɗauki jaririnta ta shige ɗaki tana share hawaye, haushi da tsoro duk sun haɗe mata.

Raliya na nan durƙushe. Sai yanzu kukan ya zo mata, ta toshe baki da gefen mayafi.

"Bar kukan nan, ki dube ni," in ji tsohuwa. "Tsakaninki da Allah, don akaifa ne?"

"Wallahi, Inna. Na ga jini a kaba ne."

"Ba wani malami? Ba wanda ya yi tofi a ciki?"

"Babu. Ɓawo ne kawai da ruwan zafi."

Raliya ta zaci za ta ga sauƙi a fuskar tsohuwa, amma abin da ta gani ya fi kama da na wadda aka ce wa baƙon da take jira ba zai zo ba.

"Ni na ɗauka na a so ki ne," in ji ta daga baya. "Irin wanda yara ke karɓowa don uwar miji ta sauko. Na ce yarinyar nan ta gaji da ni, ta tahi Cadawa ta nemo taimako."

Raliya ta ɗago da jajayen idanu.

"Kin zaci asiri ne, Inna? To mi ya sa kike sha?"

Tsohuwa ta ɗauki zaren kaba, ta juya shi, ta ajiye. Maganar ta yi mata nauyi, ta fito da ita tana kallon danga.

"So nike shi kama ni. Ba ki yi mini komai ba tun da kinka zo. Ina ganin ƙoƙarinki, in ce gobe zan sake miki fuska, gobe ta yi in ji raina ya ƙi. Na rasa yadda zan yi da kaina. Da na ji abu a fura sai na ce to, madalla, bari a taimake ni. Kullum in na sha sai in zauna ina jira in ji ko ya fara aiki." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Har na fara cewa yana yi. Ashe ɓawon kazata nike sha."

Tausayin tsohuwar ya kama Raliya, ga kunya, ga wani daɗi da ta ji tsoron nunawa.

Inna Shatu ta warware zaren da ke yatsanta ta miƙa mata hannun. Tsagar na nan yadda take, har ta ɗan ƙara shiga.

"Ga aikin maganinki. Kin ga wani abu?"

"Yaya Safina ta ce sai an jima ana sha."

"Yaya Safina." Ta ja tsaki kaɗan. Sai ta kamo hannun Raliya na dama, ta riƙe babban yatsan, ta danna farcen, ta lanƙwasa shi ta ga ƙarfinsa, yadda take duba kaba kafin ta saya. Wannan ne karo na farko da ta taɓa jikinta.

"Wa ya ce ki riƙa yanke shi har nama? Kada reza ta sake taɓa wanga."

Ta zaro ganyen kaba ɗaya daga ɗaurin ta ɗora mata a cinya. Raliya ta sa ɗan guntun farcenta ta ja, tsagar ta karkace ta fita gefe.

"Kin ɓata. Ɗauki wani. Daga gindi ake farawa, ba daga kai ba."

Ta ɗauki wani. Shi ma ya karkace, amma bai kai na farko ba. Tsohuwa ba ta yaba ba, ta dai turo mata ɗaurin gaba ɗaya kusa da gwiwarta. Can ta nuna faifan da garin ke kai, har yanzu yana tsakar gida kaji na zagaya shi.

"Tashi ki kwashe kan su watsar. Akaifar ki binne ta bayan ɗaki. Ɓawon nan biyu ki mayar mini a tsinke, 'yan tsakina sun ƙare."

Raliya ta tashi ta yi yadda aka ce. Ta tsaya da sauran garin a faifai.

"Wannan in zubar, Inna?"

Inna Shatu ta riga ta koma kan kabarta, tana lallaɓa tsagaggen farcen a bakin ganye.

"Mayar da shi gwangwani," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Gobe ma ki zuba. Amma ki ƙara niƙa shi, yana ci mini haƙori."